Baba Mai Gora, Wanda Ya Hana Ruwa Cin Gaɓarmu

Kafin rana ta yi zafi, Baba Mai Gora ya riga ya gangara bakin rafi da addarsa da ɗan gwangwanin fenti. Ba ya gaggawa. Gora ɗaya bayan ɗaya yake bi, yana ƙwanƙwasa ta da ƙotar adda yana kasa kunne. Wadda ta fito bana ya ɗiga mata fenti sau ɗaya, ta bara ya ƙara mata na biyu. Wadda ba ta cika ɗigo uku ba kuwa, ko kai wane ne, ba ka sare ta. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wannan gadi, mu da gidajenmu ke saman gaɓar kuwa gaisuwa kaɗai ke haɗa yawancinmu da shi.

Kafintan unguwarmu ya sha ba mu labarin ranar da ya je neman gorar tsani. Ya nuna wata ya ce, "Baba, wannan ai ta yi kauri, ba ni ita." Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ma ga ka da tumbi, ɗana, amma hankalin bai iso ba tukuna. Dawo baɗi."

Gora in ta samu laima ba ta san iyaka ba, sai saiwarta ta bi ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a gonar mutum. Baba ne ya haƙa doguwar kwata tsakaninta da gonaki, duk shekara yana datse abin da ya tsallako, don kada manoma su tsane ta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekarar da gorar ta yi fure. Ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Ta yi fure gaba ɗaya, ta zubar da iri, sannan ta bushe ƙayau. Ɓeraye masu cin irin suka yi yawa, suka cika mana gidaje. Muka ce ta mutu, a banka mata wuta a yi lambu. Da hantsi muka taru da kananzir da ashana, har da ni, ba zan ɓoye ba. Sai muka tarar da Baba zaune a tsakiyar busasshiyar gorar.

"Haba Baba, fito mana!"

"Ku durƙusa ku dubi ƙasa tukuna," in ji shi.

Malamar makaranta ce ta fara durƙusawa. Sai ga tsiro ƙanana birjik, kamar ciyawa.

"'Ya'yanta ke nan," in ji Baba. "Uwar ta mutu, amma saiwarta za ta riƙe gaɓar nan kafin su yi ƙarfi. In kuka ƙone, ba uwa ba 'ya'ya, ruwa kuma har ɗakunanku."

Muka watse muna gunaguni. Damina uku yana shinge, yana korar awaki shi kaɗai. A ta ukun ambaliya ta zo. Tsallaken rafi, inda mutanen can suka ƙone tasu gorar, ruwa ya tafi da lambuna da gidaje shida. Tamu gaɓar ko gezau.

Kai ne ka zauna a inda za mu cinna wuta, Baba. Kai ne muka kira mai taurin kai, ba ka taɓa yi mana gori ba. Wallahi har yau ina jin kunya.

Makon jiya ciwon gwiwa ya sa ya ajiye aiki, ya miƙa wa kafintan nan gwangwanin fentin. "Hankalin ya iso," in ji shi. Da aka tambaye shi yaushe za ta sake fure, sai ya ce, "Ba da ni ba, sai bayan shekaru masu yawa. Shi ya sa nake faɗa muku tun yanzu."

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da za ku ga wannan rana, in ta bushe, ku durƙusa ku duba kafin ku ƙyasta ashana.