Yadda Is'haƙa ya koyi tauna tuwo

Is'haƙa mai amalanken shanu maƙwabcina ne a Kore Mairuwa, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin yana kai buhunan hatsi da wake kasuwa. Shi kaɗai yake ɗora buhu, kuma cinsa daidai da ƙarfinsa. Mu biyar ne muke ciyayya a ƙofar gidana bayan la'asar, kowa ya fito da kwanon gidansa. Lomarsa ɗaya ta yi tawa uku.

Ya daɗe yana fama da ƙwannafi, yana jiƙa kanwa yana sha. Bara da rani sai abinci ya fara tsaya masa a ƙirji. Nama ya fara bari, sannan tuwo, har ta kai kunu ma sai an tace. Ya daina fitowa wajenmu, matarsa Husaina ce ke aiko da kwanon. Ranar da na shiga duba shi, na tarar wandonsa ya yi masa yawa har ya ƙara ƙulla mazagi. Bai yi mini zancen mutuwa ba. Abin da ya ce kawai, yana jin hirarmu ta bayan katanga.

Daga asibitin Dogon Dutsi aka tura shi Yamai, ni da Husaina muka raka shi. Likita ya zura masa wani siririn tiyo mai fitila ta baki, ya leƙa ciki. Ya ce ba mugun ƙari ba ne, hanyar abinci ce ta tsuke saboda ƙunar shekaru. Ya nuna mana wata 'yar raga ta ƙarfe mai tsawon yatsa, an rufe ta da abu kamar leda. Da tiyon nan za a shigar da ita a naɗe, in ta kai wurin ta buɗe da kanta ta riƙe hanyar. Babu yanka. Za ta yi wata biyu, kuma ranar cirewa ba a ɗaga ta.

Sai ya kafa sharuɗɗa. A ci a zaune, kada a kwanta bayan ci. Loma ƙarama, miya da yawa, ana kurɓar ruwa a tsakani. Kuma komai sai an tauna. Is'haƙa ya tambaya ko har tuwo. Likita ya ce tuwon ma ya fi nufi, don babbar loma tana iya toshe ragar ko ta ture ta ciki. Na sunkuyar da kai don kada in yi dariya. Tun da aka yaye mu, wa ya taɓa tauna tuwo?

Aka sa masa ragar, muka dawo gida. Kwana goma da dawowarmu ya fito ciyayya. An yi murna, aka zuba miyar guro, wato kuɓewa. Ya yanki 'yar loma yana taunawa a hankali, sai Mu'awiya mahauci, tsaransa, ya ce ashe a Yamai akuya aka mayar da shi, ga shi yana tuƙa. Aka yi dariya. Is'haƙa ya ji kunya, ya yanki irin lomarsa ta da, ya haɗiye.

Ba ta wuce ba. Ya dafe ƙirji, yawu na zuba. Mu'awiya ya miƙa masa wata lomar don ta tura ta farko, ni kuma na ɗaga hannu zan buge shi a baya, yadda muka saba. Husaina ta fito zaure da kofin ruwan ɗumi, ita da ba ta taɓa tsayawa cikin maza ba. Ni ta fara duba.

"Baban Altine, sauke hannunka. Kai ma kana wurin da likita ya yi magana. Malam, tashi tsaye."

Ta sa shi zagaya bishiya yana kurɓa kaɗan-kaɗan, ta ce in ba ta wuce ba kafin magariba a nemo mota. Muna zaune, ba mai duban wani. Can sai ya tsaya, ya yi gyatsa, ya ce ta sauka.

Washegari bai fito ba. Mu'awiya ya ɗauki kwanonsa ya shiga har tsakar gidansu, muka bi shi. Ya zauna gaban Is'haƙa, ya yanki loma kamar ƙwallon goro ya hau tauna, yana yatsina fuska.

"Ai sai ka fito mu yi tuƙar tare. Wallahi ba daɗi, amma mun iya."

Haka muka yi sati bakwai, dattawa biyar suna tauna tuwo a bakin hanya, masu wucewa na waiwaye. Abincin da muke gamawa kafin shayi ya tafasa ya koma kai mu har kiran magariba. Ranar cirewa ta faɗo ranar kasuwa, ga shi ya fara jin ƙarfi yana son ɗaura shanu. Ba mu bar shi ba, mu huɗu muka raka shi tasha.

Likita ya ciro ragar daga inda ya sa ta, ba ta gusa ba, hanyar kuma ta buɗu. Ya ba shi maganin ƙwannafi, ya hana shi kanwa, ya sa masa ranar komawa a duba.

Kaka ta bana shi ya kwaso mini hatsina daga gona, dami arba'in, sawu uku. Da ya sauke na ƙarshe ya wanke hannu, ya leƙa ta kan katanga ya ce wa Husaina ta ƙaro tuwo.