Tallan da Ya Binne Sanarwar Rasuwa

Shekarun baya kaɗan ina da ɗan shagon cajin waya da sayar da data a Tudun Wada, Zariya, kuma ni mutum ne mai son a ce ni na fara ji. Wannan hali ne ya sa na buɗe wa unguwarmu zaure a WhatsApp. Babu abin da ake sakawa sai sanarwa: rasuwa da lokacin jana'iza, suna, ɗaurin aure, cigiyar akuya, dawowar ruwan famfo. Kafin in ankara zauren ya cika, har da waɗanda suka tashi suka koma Kwangila da Dutsen Abba. Da waya ta yi ƙara kowa sai ya duba, don an san ba a magana a can sai da dalili.

Wata mai sayar da atamfa ce ta fara roƙona in saka mata talla, ta ba ni na goro. Na ji daɗin abin, idona ya buɗe. Daga ita sai mai turaren wuta, sai dillalin filaye, sai mai maganin basir da hotunansa marasa kyan gani. Duk wanda ya miƙo, karɓa nake. Maiɗakina ta gaya min ita kam ta kashe ƙarar zauren, ƙawayenta ma haka, wasu sun fice. Na ce mata hassada ce ta mutane, ai ba a kansu nake ɗora tallan ba.

Ranar wata Laraba da hantsi Allah Ya yi wa wani tsohon tela na layinmu rasuwa, mutumin da rabin unguwa suka sa ɗinkinsa. Ɗansa ya turo min sanarwar, na saka cewa jana'iza bayan azahar. Ban jira ba na bi ta da tallace-tallacen ranar, tunda na riga na yi wa masu su alkawari. Sanarwar ta nutse tsakanin atamfa da maganin basir. Da muka tsaya sallar gawa, sahu biyu ne ko cika ba su yi ba. Na lallashi kaina cewa ranar aiki ce.

Ranar sadakar uku wani ɗan kasuwa Kirista, mutumin kudu mai sayar da kayan babur a Kwangila, ya tsaya a ƙofar shagona. Ya daɗe yana haya a gidan marigayin kafin ya koma Kwangila, Baba yake ce masa, kuma a bakin wani mai keke ya ji labarin. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, saboda irin wannan ranar na shiga zaurenka. Baba ne ya riƙe ni da na zo garin nan, amma ko rakiya zuwa maƙabarta ban samu ba." Kunya ta rufe ni. A makon nan mutane suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya, na tabbata zauren ya mutu a hannuna.

Na je na ba iyalan mamacin haƙuri, na kuma tura saƙon murya na amsa laifina ba tare da kwana-kwana ba. Na buɗe wa 'yan talla zaurensu daban, mai so ya shiga. A babban zaure talla sai Asabar bayan la'asar, kuma duk ranar da aka yi rasuwa babu shi sam. Wasu masu tallan sun yi fushi, abin da nake samu ya ragu, ban damu ba. Abin da ban sani ba shi ne ko mutane za su sake yarda su kunna ƙarar.

Bayan watanni wata dattijuwa ta rasu, na saka sanarwar ita kaɗai. Da na fito jana'izar, sahu ya cika layi har bakin titi, ga mutumin nan na Kwangila tsaye a gefe, hularsa a hannu. Ya gyaɗa min kai. Na sauke ajiyar zuciya, na gode wa Allah.

'Yan'uwa masu riƙe da zaure, neman halal ba laifi ba ne, har yau ina ci daga nawa. Amma ku tuna abin da ya tara muku jama'a, kada ku sayar da shi. Ni an yafe min, mutane sun dawo. Tsohon telan nan kuwa da sahu biyu aka kai shi, kuma wannan ba zan iya gyarawa ba.