Muryar Baba a Cikin Kwamfuta

A gidanmu na Gangare ni ake kira Injiniya, alhali malamar firamare ce ni a Tudun Wada. Ni na fara sayen kwamfutar tafi-da-gidanka a dangi, shi ke nan suna ya bi ni, ni kuma kaina ya kumbura. Mama kuwa ta ɗauki kwamfutar tamkar jaririya. Har rigar ulu ta saƙa mata wai saboda sanyin Jos, rigar ta rufe bayanta da gefunanta ruf.

Shekara biyu da rasuwar Baba muka tsinci wani kaset a akwatinsa na ƙarfe. Saƙo ne ya ɗauka da bakinsa zai aika wa ƙanensa a Makka, bai samu alhajin da zai kai ba. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai a wannan kaset. Na kai wa wani Inyamuri mai gyaran kwamfuta a Bukuru, wanda kowa ke kira Oga, ya juye mini cikin kwamfutata. Yana gama juyewa na'urarsa ta tauna zaren kaset ɗin ta yi masa kaca-kaca. Ya ce kada in damu, komai ya shiga. Na ƙi saurara a shagon, na ce sai a gaban Mama.

Na iso gida da la'asar, na kunna wa Mama wa'azi a kwamfutar don ta rage zumuɗi, na shiga wanka. Da na fito muka yi salla, aka tara yara, aka kira Gwaggo, ƙanwar Baba. Na zauna a tsakiya na danna fayil ɗin cikin isa. Layin ƙasa yana tafiya, amma ko tari babu. Na koma kan wa'azin, shi ma malamin baki kawai yake motsawa. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Injiniya, yayan nawa bai tashi daga barci ba ne?"

Kwana huɗu na yi ina fama. Na tura fayil ɗin a waya, waya ta ce ba ta san irinsa ba. Na sauke manhajar jin sauti har guda biyu. Ta farko ta cika mini fuskar kwamfuta da tallan maganin ƙiba, ta biyu ta mayar da rubutun komai wani yare da ko alif ɗinsa ban gane ba. Daga nan na nemo wata manhaja mai juya fayil ya zama irin wanda waya ke karɓa. Ta kyauta ce, wai, amma daƙiƙa goma na farko kaɗai ta yarda ta juya. Na kara wayar a kunne, ba abin da na ji sai shuuu. A nan na ce shi ke nan, kaset ya tafi, murya ma ta tafi. Na shiga ɗaki na yi kukana ba wanda ya sani.

Na koma Bukuru a fusace. Oga ko rigar ulun bai cire ba, ya danna nan ya danna can, ya girgiza kai.

"Madam, wannan fayil naka shi ne ya kawo bairos. Sai mu goge shi, mu yi fomat."

Wannan mutum ko ciwon kai ka kai masa fomat zai ce. Na gaya masa wanda ke cikin fayil ɗin nan ubana ne, kuma ya riga ya cinye shi sau ɗaya, ba zai ci na biyu ba. Na rungumi kayata na hau mota.

Ranar Juma'a na ajiye girman kai na zauna gaban Mama zan faɗa mata gaskiya. Kafin in buɗe baki aka kira salla a masallacin layinmu, rediyonta kuma yana ta surutu. Ita dai ba ta yarda wani abu ya yi magana a kan kiran salla, kuma maɓallin rediyon ya daɗe da lalacewa. Sai na ga tana laluben bakin zaninta.

"Ina ɗan abin nan nawa? Au, tun ran nan yana jikin 'yar taki."

Ta jawo kwamfutar, ta ɗaga rigar ulu, ta sa farce ta zaro wani ɗan ƙarfe daga gefe. Kan iyafis ne, abin sauraro na kunne, da ta yanke wa waya. Da shi take toshe bakin rediyo idan an kira salla, ranar nan kuma da aka kira salla ina wanka ta ga rami iri ɗaya a kwamfuta ta toshe bakin malamin wa'azi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na rasa dariya zan yi ko ihu, ita kuwa ta ce ai ban tambaye ta ba.

Bayan salla na danna fayil ɗin. Shuuu ɗin nan ya zo ya wuce, sai ga gyaran muryar Baba, yana tambaya ko abin nan yana ɗauka kuwa. Bai ko gaida ƙanen nasa ba ya ɗaga murya ya ce, "Ke, shayin nan fa?"

"Na'am, Malam," in ji Mama, har ta yunƙura za ta tashi.

Ta koma ta zauna a hankali. Muka yi ta sauraro, a gama a sake, har aka kira la'asar yana tsakiyar labarin tsadar dankali. Mama ta ɗauki ɗan ƙarfenta ta matso kusa da kwamfutar.

"Yi haƙuri, Malam, an kira salla. In mun idar ka ƙarasa."