Farcen Kawu Sale

Duk lokacin da warin baƙin mai ya haɗu da ƙanshin soyayyen kifi a hancina, Kawu Sale nake gani, ƙanin mahaifiyata, tsugune a garejinsa na bayan kasuwar Kado yana zagin wani inji. Ku da kuka san shi kun san farcen nan na babban yatsansa, wanda ba ya yankewa ko ranar Juma'a. Da shi yake shafa cikin silinda, ramin da fistin ke hawa da sauka, ido a rufe kamar mai sauraron waƙa, sannan ya ɗauko ma'auninsa na ƙarfe ya tabbatar. Tambayarsa ɗaya ce a duniya: "An auna?" Ko ranar da aka gaya masa an sa ranar auren yayata, bai tambayi asalin angon ba. Wannan ya tambaya.

Wani direba daga Maitama ya taɓa zuwa da fistin huɗu sababbi fil a kwali, ya ce ogansa ya ce a saka yau.

"Wa ya auna ramin?" in ji Kawu.

"Baba, daga ƙasar waje fa aka kawo su."

"Daga can suka leƙo cikin injin?"

Ya zura ɗaya a silinda ya girgiza, ya yi ƙwal-ƙwal kamar cokali a kofi. "Je ka gaya wa oganka, in ƙararrawa yake so, ga ta nan ya samu." Direban ya fice a fusace, ya manta kwalin. Har Kawu ya bar duniya, a cikin ɗaya daga fistin ɗin yake ajiye goronsa.

Ni kuwa 'Yar Titi yake kirana. Na ɗauka don ina tafiya ina kallon gajimare ne, har in wuce ƙofar gidanmu. Ana cewa ban iya fushi ba, amma shi ya taɓa sa ni ɗaga murya a bainar jama'a.

Na samu aikina na farko a Sheda, zan fara ranar Litinin. Burina ɗaya: in shiga ƙofar wurin a tsohuwar motar marigayi Babana, wadda injinta ke buɗe a garejin Kawu wata da watanni. Da na gaji da jira, na duba littafin motar, na je da kaina na sayo fistin daidai da girman da aka rubuta, na ajiye a gabansa ina murmushi.

Ko taɓawa bai yi ba. "Mai digiri, wa ya aike ki?"

"Littafin motar ne ya ce wannan."

"Littafin ya san sau biyu aka faɗaɗa ramukan nan? Waɗannan rawa za su yi a ciki. Mota ta sha mai, ta yi hayaƙi, ta ajiye ki a daji."

"Kawu, don Allah ka saka haka nan, daga baya a gyara."

Sai ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi. "Kar ki ƙara ce min haka nan a garejin nan."

"Motar ubana ce!"

"Injin nawa ne tun ba a haife ki ba." Ya zare mukullin motar ya rataya a wuyansa kamar laya, ya koma ya tsuguna.

Ranar Litinin a motar haya na tafi, tsakanin buhun doya da wata mata mai kaji uku, na isa a makare da gashin kaza a mayafina. Mako uku ban gaishe shi ba. Shi ma bai neme ni ba, yana can yana zagaya masu kayan mota da ma'auninsa a aljihu, suna ɓuya in sun hango shi. Rannan da hantsi na ji ƙarar inji a ƙofar gida, mai laushi kamar numfashin jariri. Kawu ne da motar Babana. Bai ba ni haƙuri ba. Ya jefo min mukulli ya ce, "An auna." Motar ita nake hawa har yau.

Sai ranar addu'ar bakwai ɗinsa Mama ta gaya min. Makon da za ta haife ni, Babana ya matsa masa ya haɗa injin motar nan da gaggawa, shi kuma ya cusa fistin da suka yi wa ramin yawa, ya ce a tafi haka nan. Suna kan hanyar asibiti injin ya yi zafi ya ƙame. A kujerar baya aka haife ni, a bakin titi, Kawu na tsaye a waje yana kuka. Daga ranar ya daina yanke farcen nan.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yalwata masa kabarinsa. Ranar da za a auna nasa ayyukan, Allah ya sa a yi masa sassaucin da shi bai ƙara yi wa inji ba.