Makeron Ƙanwata

Shekaranjiya wani mai keken haya mai ƙafa uku ya tsaya daidai ƙofar shagona a Wunti, birkinsa ya ƙi ci. Ya zaro wata 'yar roba daga ƙarƙashin kujera, ya buɗe ya fara tsiyayawa. Warin man birki ba shi da ƙarfi, mutane da yawa za su wuce ba su ji ba. Ni kuwa sai da na ajiye katan ɗin sabulun da ke hannuna na nemi benci na zauna. Gemuna ya yi fari, amma har yau in warin nan ya shiga hancina, kan ƙanwata nake gani.

A Ƙofar Wambai na tashi, a gidan kakanmu, gida mai zaure biyu da rijiya a tsakiya. In damina ta yi nisa, katangar ƙasa takan jiƙe ta yi kore daga gindi, tabarma ba ta bushewa, kayan sawa duk warin danshi. A lokacin ne fatar yara take lalacewa. Wannan ƙazwa a tsakanin yatsu, wancan ƙuraje a wuya, wani kuma makero. Soso ɗaya muke wanka da shi, mataji ɗaya ne rataye a ƙusa don duk 'yan matan gidan, wanzami kuma in ya zo, aska ɗaya yake bi da kawunanmu a jere. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa ta nan cutar take yawo. Cewa ake yi ruwan sama ne.

Ƙanwata mai bi mini haƙoranta na gaba sun fara faɗuwa a shekarar. Tana da gashi, baƙi mai cika hannu. Inna ba ta taɓa yabonsa da baki ba, don ba a yabon ɗa a gaban surukai, amma kowace Juma'a za ka gan ta ta sa kan yarinyar a cinya tana bin sa da man shanu tsaga bayan tsaga, ba ta gaggawa.

Mai kitso ce ta fara gani. Wani ɗan fili ne a tsakiyar kai, bai wuce murfin kwalba ba, ya yi fari-fari, gashin wurin ya kakkarye. Ta zare tsinkenta ta goge a zani, ta ce, "Wannan kan sai ya warke, ba zan kwasa in kai wa 'ya'yan mutane ba." Ga shi kuma bikin ƙaramar goggonmu ya matso, an riga an ce duk 'yan matan gida kitso iri ɗaya za a yi musu.

To, a nan ne sai ka san halin unguwarmu kafin ka gane sauran labarin. A wurinmu ba a zuwa dubiya da baki kawai. Duk wanda ya ga marar lafiya sai ya faɗi magani, in ya samu hali ma ya kawo. Maganin babba kuwa ba a mayarwa. Wanda ya kawo yau, gobe zai dawo ya leƙa ya ga ko an shafa. In bai ga alamarsa ba, ba zai ce komai ba, amma kafin la'asar gida ya ɗauka cewa an raina shi. Inna kuwa matar ɗa ce a gidan surukai. Ko ruwa aka ce ta zubar a wuta, zubarwa za ta yi.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta fara. Ta dandaƙa farar wuta a kan dutse, ta kwaɓa da man kaɗanya, ta ce a riƙa shafawa da safe a ba shi lokaci. Ba a ba shi ba. Babbar goggonmu ta zo daga Yelwa, lokacin Yelwa duk gonaki ne, ta kawo reshen tumfafiya tana ɗiga nononsa a wurin da hannunta. Matar maƙwabcinmu, tsohuwa ce sa'ar Kaka, ta aiko da dakakkiyar tafarnuwa da toka a ganye. Baba kuma ya biya kemis ɗin wani ɗan kudu a bakin kasuwa ya sayo man shafawa a 'yar robar da ake matsawa. Shi mai kemis ɗin ya faɗa masa da irin Hausarsa, "Alhaji, in yana kan kai, kai shi asibiti fa." Baba ya ce to, ya sa a aljihu, maganar ta tsaya a nan.

Ba a cire wani don a sa wani ba. Da safe na Kaka, don tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallo. Da rana na Goggo, don ba a san ranar da za ta faɗo ba. Da yamma na Baba. Man kemis ɗin ya kwantar da ƙaiƙayin, jan ya ragu, sai kowa ya ce nasa ne ya ci. Ashe ciwon yaɗuwa yake yi ta ƙarƙashi.

Sai Kawu ya zo, yayan Inna. Makanike ne, kuma duk dangi ba wanda ya kai shi son yarinyar nan. Shi ne mai ɗora ta a wuya ya zaga da ita unguwa, shi ne mai kawo mata alewa a aljihun rigar aiki. Ya duba kan ya girgiza nasa.

"Wasa kuke yi da shi. Yaran garejinmu da wannan suke warkewa, zafi ɗaya ne an gama."

Ya fito da sabuwar reza da robar man birki. Ya kankare wurin har jini ya tsattsafo, ya jiƙa auduga ya danna. Inna ce ta riƙe ƙafafun yarinyar, ta juya fuskarta ga bango. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kuma na yi shekaru a kasuwa, na ga wuta, na ga haɗari. Kawu da kansa yana ta cewa, "Yi haƙuri uwata, gobe kitso."

Ba a yi kitso ba. Kan ya kumbura ya yi taushi kamar dafaffiyar kabewa, mugunya na fita ta ko'ina. In an zo cire ɗankwali sai ya taho da gashi. Kaluluwa ta fito mata a bayan kunne, zazzaɓi ya rufe ta. Aka yi biki tana ɗaki da kai a naɗe, tana jin guɗa daga tsakar gida. Da 'yan'uwanta suka shigo nuna mata kitsonsu, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Inna, in ya warke za a yi mini irin nasu?" Inna ta ce za a yi.

Washegarin da aka kai amarya, Inna ta yafa mayafi, ta goya yarinyar da ta wuce goyo, ta ce in biyo ta. Baba kawai ta gaya wa. Ta wuce ta gaban ɗakin Kaka ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta ce ga inda za ta ba. A gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta kwance ƙyallen, ta ja baya kaɗan, ta tambayi abin da aka shafa. Inna ta faɗa mata duka, ba ta ambaci mutum ko ɗaya ba.

"Man birki? Na mota? Wa ya sa mata?"

"Ni ce," in ji Inna.

Matar ta yi mata faɗa a gaban jama'a, faɗa mai zafi, Inna ta sunkuyar da kai ta shanye. Likita da ya zo bai yi faɗa ba, ya gaji da irin wannan. Ya ce makeron kai a gindin gashi yake zama, shafe-shafe ba ya kai masa, magani ne na sha, kuma sai an yi makonni ana sha ko da an ga kamar ya tafi. Ya ce a dafa mataji, a raba soso, a kawo sauran yaran a duba. Inna ta nuna tsakiyar kan, inda aka kankare, ta tambaye shi ko gashi zai fito. Ya daɗe yana kallon wurin, ya ce gefe zai fito, nan kuwa sai abin da Allah ya yi.

Kaka ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar Inna da baki, sai da kai. Goggo ta ce ai yanzu an samu waɗanda suka fi mu sani. Kawu ya zo ya ga kan, ya koma zaure ya zauna, aka kai masa tuwo aka dawo da shi bai taɓa ba. Masu kawo magani kuma ba su fasa ba. Sai dai Inna ta canza hanya: ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya har ƙasa, ta tura ƙarƙashin gado.

Muka shiga jira. Ruwa ya ɗauke, aka yi girbi, zafi ya zo. Kullum Inna takan kai yarinyar bakin ƙofa inda haske yake, ta duba. Gefe ya fara tsirowa kamar sabuwar ciyawa, yana matsowa ciki a hankali, muna murna. Sai ya tsaya. Wuri kamar tafin hannun yaro ya rage, sumul, yana ƙyalli. Har yau haka yake. Mai kitso ta koyi kwantar da kitso ta kansa ta rufe, amma ƙanwata ta girma, ta yi aure, ta aurar, ko a cikin mata ban taɓa jin an ce ta cire kallabi ba.

Ni da tiren sabulu a ka na fara, yau dillalan ƙauyuka a wurina suke sarin kayan shafa. Ba likita ba ne ni, amma na san abin da ke tafiya a kasuwa. Da, masu ba da magani sai sun tako ƙafa sun zo gidanka. Yanzu suna cikin waya, ba sa gajiya, ba sa barci. Mace za ta miƙo mini waya ta ce irin wannan haɗin take so, roba ba suna, ba a san wanda ya dama ba. Man da likita zai ce a shafa ɗan lokaci a daina, shi ake juyewa a man jariri a yi watanni. Ina ganin fuskokin in sun dawo, fata ta yi siriri har jijiya ta fito, ga ƙuna a kumatu. Nakan ce su je a duba su, su shafa abin da aka rubuta musu iya lokacin da aka ce, su bar ragowar na maƙwabta. Sai su ce to, su shiga shago na gaba. Na daina ajiye irin kayan, ba don na fi kowa tsoron Allah ba, kaya ne da ke dawo wa mutum da rigima. Amma bakina ya gaji.

Watan jiya aka ce jikan ƙanwata ya yi ƙuraje a wuya da fuska, na je dubiya. Uwar yaron yarinya ce ƙarama, haihuwar fari. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, me za a shafa masa? Kai ka san kayan nan." Na duba taga, robobi da kwalabe a jere, kowace da mai ita. Na ɗauki ɗaya na tambayi wa ya kawo. Yarinyar ta dubi surukarta, wato ƙanwata, da ke zaune a gefe.

Ƙanwata ta gyara zama ta ce, "Yaya, wannan ba mai zafi ba ne."

Na mayar da abin kan taga. Na ce wa yarinyar ta kwashe su duka ta zuba mini a leda, gobe da safe mijinta ya kai su asibiti, abin da aka ba su shi kaɗai za a shafa. Na ce duk wanda ya zo ya tambayi ina nasa, ko wane ne, ta ce ni na hana.

Gidaje sun zama na siminti, kowane yaro da sosonsa, asibiti ga shi kusa. Kunyar nan ce dai ba ta je ko'ina ba, har yanzu ƙaramar mace ba ta iya ce wa babba a'a a kan ɗan da ta haifa. Yanzu da layi ya zo kaina, ni ne babban da ba a mayar wa magana, na ga ba abin da zan yi da girman da ya wuce in ara mata shi ta ɓuya a baya. Na fito da ledar a hannu, ƙanwata ba ta rako ni ƙofa ba.