Na'urar Yaya a Mararraba

Har yanzu idan babur ya tsaya da ƙarfi a ƙofar gidanmu sai in fita da gudu in duba. Amma ba ranar da aka tare motar su Yaya zan rubuta ba, wannan ban iya ba tukuna. Labarin na'urarsa zan ba da.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, shi ke riƙe da mu tun rasuwar Baba. Daga nan Kaura yake yi wa wani kamfani aiki ta intanet, a kan abin da suke kira bulokcen. Yadda ya fahimtar da ni, kwamfutoci ne a garuruwa daban-daban, kowace tana shaida abin da 'yan uwanta suka yi, kuma dole doka ɗaya suke bi. Ɗaya daga cikinsu tana ɗakinsa, 'yar baƙar aba a kan teburi, sola ke riƙe da ita. A allonta akwai wata lamba da ke ƙaruwa ba ta tsayawa.

Aikin da ya ci masa watanni shi ne ya shirya yadda kwamfutocin za su canza doka tare, ba sai an rushe komai ba. An ajiye wata lamba a gaba. Da an kai ta, duk wadda aka sa wa sabuwar manhaja za ta ɗauki sabuwar hanya, wadda ba a sa wa ba ta tsaya a mararraba. Ya ce in tuna ayarin motocin Shinkafi da ke jiran rakiya a bakin gari: in ayari ya tashi, ba ya jiran kowa. Kwamfutar da ta daɗe a baya kuwa cire ta ake yi daga cikin masu shaida, gurbin da ya sha wuya kafin ya samu.

Ana gab da ranar da za a kai lambar aka yi rasuwa a dangin Baba a Zurmi, dole ya je gaisuwa. Abokan aikinsa ba su gama gwada manhajar ba, don haka ya zaunar da ni ya nuna mini: idan ta iso, in tsayar da na'urar, in sa sabuwar, in sake kunnawa. Ya sa na maimaita har ya gamsu, yana tsokanata wai yatsuna sun fi sanin ludayi.

"In na makara, ke ce injiniya, auta," ya ce, ya rataya jakarsa.

Wani fasinja da ya tsere ne ya kawo mana labarin 'yan bindiga sun tare motarsu, an shiga daji da su.

A gidanmu ba a taɓa kayan matafiyi. Ba a share ɗakinsa, ba a naɗe tabarmarsa, sai ya dawo. Haka Inna ta tarar, haka ta riƙe. Ta hana kowa tsallake bakin ƙofar. Ita kanta a dokin ƙofa take zama bayan la'asar, carbi a hannu, tana kallon allon. Ba ta yi boko ba, amma tana ganin lambar tana motsi. Ba ta taɓa faɗa ba, ni dai na san ta ɗauki motsin nan alamar Yaya na raye.

Manhajar ta iso daga abokan aikinsa. Na durƙusa na yi wa Inna bayani, da na kai wurin tsayar da na'urar sai ta ɗaga hannu.

"Ɗana na daji, ki ce za ki tsai da abin da ya bari yana tafiya? Bari shi nan yadda ya aje shi."

Na bar maganar. Gaskiya ni ma tsoro nake ji. Ina tunanin in na tsayar ta ƙi tashi, da wane ido zan dubi Inna?

Da hantsi aka kai lambar. Ina share tsakar gida na ji Inna ta kira sunana da wata murya da ban san ta da ita ba. Na'urar na kunne, fitilarta na ci, amma lambar ta tsaya cik. Inna ta fara salati har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko wani labari ya zo.

Na riƙe ƙafarta na ce ba abin da take zato ba ne. Na ce sauran ne suka wuce, tamu aka bari ita kaɗai a hanya. Na ba ta misalin ayarin da Yaya ya ba ni. Ta dube ni.

"Shi da bakinai ya ce ki yi?"

Na ce da bakinsa.

"To amana ce. Shiga da bisimilla."

Na cire takalmi na shiga. Ɗakin na warin turarensa, hularsa na kan ƙusa. Na tsayar da na'urar, allon ya yi baƙi. Ban waiwaya ba, amma na ji carbin Inna ya daina ƙara. Na sa sabuwar yadda ya koya mini, na kunna. Ta ɗauki lokaci tana neman 'yan uwanta. Can sai lambar ta motsa, ta yi ta gudu kamar mai bin sawun mutane, har ta cim musu ta koma tafiyarta ta da.

Ba a cire ta daga cikin masu shaida ba. Yaya kuwa bai dawo ba tukuna. Kowace safiya ina hawa tsani in goge faifan sola, Inna na riƙe mini ƙafar tsanin. Tabarmarsa tana nan a shimfiɗe, ban naɗe ba.