Jijiyar Dutse

Warin ƙonanniyar roba ya buge ni a tashar bas ta College Park, sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Sati uku ke nan na kasa zaune na kasa tsaye. Aikina a jami'a shi ne nunawa a kwamfuta yadda dutse zai tsage idan aka tura masa ruwa da ƙarfi, don rijiyar gas ta ƙara bayarwa. Tsagata miƙewa take sak, ta ainihin rijiyar kuwa karkacewa take. Jumma'a zan kare aikin a gaban malamaina.

Kaka fasa dutse take yi. Takan ƙona tsohuwar taya a kansa, ta kwara ruwa, ta kara kunne. Wata rana na nuna da yatsa: "Kaka, fasa nan."

Ta tuntsire da dariya. "Ke 'yar boko, ke ke kika halicce shi? Yana da jijiyarsa tun kafin a haife ki. Ita yake bi."

Dutsen kwamfutata sumul na yi shi, babu jijiya ko ɗaya. Na bar bas ta wuce, na koma ofis da sassarfa. Kwana uku suka rage.

Kaka, Allah Ya sa ƙasar da ta rufe ki ta fi duwatsun nan taushi.